Miyar Waken Da Na Halatta Wa Abokaina

Edita, ina roƙon a sakaya sunana. Lokacin da wannan abu ya faru ina ajin ƙarshe a jami'a a nan Maiduguri, ina karatun noman rani. A unguwar Shehuri aka haife ni, mahaifina malami ne da manya ke zuwa ɗaukar karatu a zaurensa, saboda haka 'yan ajinmu suka laƙaba mini Goni, sunan da mu Kanuri ke ba wanda ya gwanance a Alƙur'ani. Ko rabinsa ban haddace ba, amma sunan ya yi mini daɗi, ban taɓa gyara wa kowa ba. Ni nake jan salla, ni ake tambaya halal da haram, kuma in aka ajiye abinci sai na yi bisimilla na sa hannu kafin kowa ya taɓa. Haka muka saba tun a gida: in ɗan malam ya ci, tambaya ta ƙare.

Aka zaɓe mu, mu goma sha ɗaya, zuwa wata ƙasar Turai na mako biyu don mu ga yadda suke sarrafa ruwa a gonaki. Goma Musulmi ne, ta sha ɗayan kuwa wata Kirista ce 'yar kudancin Borno, gidansu na unguwar Moduganari. Yarinya ce mai kirki, kowace Kirsimeti sai ta kawo mana shinkafa da cincin mu cinye muna santi, mu kuma mu kai mata naman layya. Tun a filin jirgi aka ɗora mini maganar abinci. Iyayen wasu ma har kirana suka yi a waya, suna cewa hankalinsu a kwance yake tunda ina cikin tafiyar.

Mutanen ƙasar ba Turancin Ingilishi suke yi ba. Ranar farko, bayan an zagaya da mu wani tsohon gidan sarauta ƙafafunmu sun yi tsami, muka faɗa wani ɗan gidan abinci kusa da masaukinmu. Ƙamshin miyar wake da nama ya cika wurin. Na tashi da taƙama na je wurin mai kawo abinci na tambaye shi naman mene ne. Ya zubo mini magana da yarensu, ko kalma ɗaya ban tsinta ba. Na waiga na ga idanun mutum goma a kaina. Abin da ya kamata in yi ƙarami ne, in ce ban gane ba. Amma girman kai ya shaƙe ni, sai na gyaɗa kai kamar wanda ya fahimta, na dawo na ce musu naman sa ne. Na yi bisimilla na fara kai loma. Kowa ya bi. Wani abokina, wanda muke ɗaki ɗaya da shi, har cewa ya yi da a ce akwai burabuskon gero irin na Borno a gefe da ya manta hanyar gida.

Daga nan wurin ya zama namu. Da safe a kai mu madatsun ruwa da gonaki, da rana mu yi ta ɗaukar hoto a gadoji da kasuwanni, da yamma mu dawo kan miyar waken nan. Bayan cin abinci wasu kan bi wani titi mai fitilu inda ake kiɗa da rawa, mashaya na jere da juna, matasa na tangaɗi suna rungumar juna a fili. Ni kuwa sai in bi su ina tofar da yawu, ina yi musu wa'azi, ina cewa kada su kwaso mana ƙazanta su kai Borno. Yau in na tuna bakin da ya faɗi wannan magana, tsigar jikina tashi take yi.

A rana ta uku aka ɗora mu a jirgin ruwa don yawon buɗe ido. Ina tsaye ni kaɗai sai yarinyar nan ta matso, ta rage murya, ta ce tun jiya ɗanɗanon naman bai kwanta mata ba, don haka ta ɗauki hoton takardar abincin ta fassara a waya. Ta nuna mini. Naman alade ne, kuma da kitsensa ake soya waken. Na kama ƙarfen jirgin. Ta ce ta zo wurina ne ni kaɗai don kada ta kunyata ni a gaban mutane, ya fi kyau su ji daga bakina. Na roƙe ta ta yi shiru, na yi mata alkawarin zan faɗa musu a daren.

Ban faɗa ba. Kuma na san hukuncin sarai, a zauren mahaifina na ji shi: wanda ya ci bisa rashin sani babu laifi a kansa. Da na buɗe baki a ranar, da an yi tsaki, an kurkure baki, an yi mini dariya na kwana biyu, shi ke nan. Dariyar ce na kasa ɗauka. Na gwada cewa mu sauya wuri, suka ƙi, suka ce ina za su sami miya irin wannan. Sai na ƙirƙiro ciwon ciki. Kwana goma cur ina zama a teburin nan da busasshen burodi da ruwan shayi, ina kallon abokaina suna tsotsar ƙashi, maiƙo na bin yatsunsu, suna yi mini sannu. Abokin ɗakina ma har magani ya nemo mini. Yarinyar kuwa ta daina cin miyar, kullum sai ta dube ni, ni kuma in sunkuyar da kai. Sau biyu ta sake tare ni, sau biyu ina ce mata gobe.

Daren bankwana asiri ya tonu. Muna cikin ci sai wani Balarabe da ke wanke kwanuka a wurin ya fito, ya ji ɗayanmu ya yi hamdala. Ya tsaya ya tambaya da Larabci ko mu Musulmi ne, sannan ya nuna kwanukan ya faɗi abin da ke ciki. Wata 'yar Shuwa a cikinmu, mai jin Larabci, ta fassara. Ban taɓa ganin abu mai tayar da zuciya irin wannan ba. Suka ruga waje, wannan na amai a bakin kwata, wancan na cusa yatsa a maƙogwaro, 'yan matan na goge harshe da gefen lafayarsu, mashayan titin kuma na tafa musu suna dariya, sun ɗauka giya ce ta yi musu yawa.

Da suka dawo hayyacinsu suka yo kaina. Abokin ɗakina ya tambaye ni, ido cikin ido, yadda aka yi haka. Nan na aikata abin da ya fi naman ƙazanta. Na ce mai abincin ne ya yaudare ni, amma su tambayi wance, ai ta sani tun tuni, shi ya sa ta daina ci. Duk suka juya gare ta. Suka tambaye ta ko gaskiya ne ta sani, ta ce e. Ta dube ni tana jira in ƙarasa zancen. Na ɗauke kai. Ba ta ƙara ko kalma ba, kuma babu wanda ya tambayi dalilin ciwon cikina.

Kafin jirginmu ya sauka labari ya riga mu isa gida, cewa wata Kirista ta zuba ido Musulmi na cin alade tana jin daɗi. A garin da aka sha wuya kafin mutane su sake yarda da juna, kowa ya san nauyin irin wannan magana. Aka daina zama kusa da ita a aji. Da Kirsimeti ta zo, yarinyar ta kawo shinkafarta kamar kullum, kular ta wuni a kan tebur babu wanda ya buɗe, da yamma ta ɗauki abarta ta tafi. Ina wurin, kuma ni na ja sallar la'asar a ranar.

Shekara huɗu ke nan. Har yanzu abokan nan in sun sayi wani abu na gwangwani sai su turo mini hotonsa su ce Goni ya duba musu. Watan jiya abokin ɗakina ya turo irin wannan, na zauna ina kallon hoton har na ji ƙyamar kaina ta ishe ni. Na rubuta komai, tun daga gyaɗa kan da na yi har ciwon cikin ƙarya, na tura zauren hirarmu na waya. Wasu suka zage ni, kuma sun yi daidai. Sai da na duba sunayen 'yan zauren na ga babu nata. Ashe tun makon da muka dawo aka cire ta, ban ma lura ba. Na je Moduganari neman gidansu, maƙwabta suka ce sun tashi da daɗewa, ba su san inda suka koma ba.

Abin da na koya shi ne, cewa "ban sani ba" magana ce mai sauƙi, ni na mayar da ita dutse. Ɗalibai masu fita waje, ku tambaya da kanku, ku duba da idonku, kada ku jingina cikinku da addininku a kan sunan da kuka laƙaba wa wani. Kai kuma da aka ba amana, in ka yi kuskure ka faɗa tun yana ƙarami, kafin ka nemi wanda za ka ɗora wa. Abokaina sun amayar da abin da suka ci a dare ɗaya sun huta. Ke kuwa, 'yar'uwata, in wannan ya iso gare ki, ki sani na ƙarasa zancen da kika tsaya jira, sai dai na makara da shekara huɗu.