Ranar da Gadar Sjoukje Ta Ƙi Sauka

Shekara ashirin da shida Sjoukje Hoekstra ta yi tana ɗaga gadar garinmu. In jirgin ruwa ya taho sai ta tare hanya, gada ta miƙe tsaye, jirgi ya wuce, ta mayar. Rumfar da nake soya kifi tana gindin gadar, don haka na fi mijinta ganin fuskarta.

Ɗakin aikinta bai fi akurkin kaji ba, kuma babu banɗaki. Da bazara, lokacin da Jamusawa ke cika kogin da jiragen shaƙatawa, ko minti biyar ba ta samu. Sai ta yi wa kanta dabara, ta daina shan ruwa. Ciwon mafitsara kuwa ya samu gidan zama. Ga hukumar gari ta daɗe tana so ta kafa kyamara, a riƙa ɗaga gadar daga birni, kuma duk ranar da Sjoukje ta kwanta ciwo hujja ce ta ba su. Ta san da haka sarai.

Wata shekara ta sayo wani farin gari a kantin magani. Sukari ne, amma ba na shayi ba, ana ce masa mannos. Wai yana hana ƙwayoyin cuta maƙalewa a mafitsara, fitsari ya wanke su. A jikin gwangwanin an rubuta a dama shi cikin babban kofin ruwa. Ita kuwa da cokali take afa shi, a bushe.

"Ke, wannan ai rabin magani kike sha," na ce mata.

"Kai dai juya kifinka, Douwe, yana ƙonewa. In na sha ruwan, a aljihunka zan yi?"

Na yi dariya. Har yau ina jin haushin dariyar nan.

Wata Asabar a watan Yuli na gan ta cikin rigar sanyi, ana zafin da kowa ke neman inuwa. Haƙoranta na haɗuwa, hannu dafe da ƙugu.

"Sjoukje, je ki ga likita."

"In tafi in miƙa musu gada a faranti? Na ƙara cokali uku, zai wuce."

Ƙarfe biyu da rabi gada ta tashi, jirage suka wuce, amma gadar ba ta sauko ba. Masu keke suka fara kaɗa ƙararrawa. Da aka ci minti goma na jefar da matsamin kifi na haura ɗakin aikinta da gudu. Na same ta a ƙasa, ido buɗe, jiki kamar tanda, tana kirana da sunan uwarta da ta rasu tuntuni.

Motar asibiti ba ta ɓata lokaci ba, amma a tsallake ta tsaya, gada a miƙe tsakaninmu. Direban yana ɗaga hannu yana ihu, "Ku sauke mana!" Na juya ga allon maɓallan. Ni da nake kallon matar nan tun ina da gashi a ka, ban san wanda ake dannawa ba. Na danna wannan, na danna wancan, ko motsi. Dole motar ta juya ta bi ta gadar ƙauyen gaba, zagayen kilomita goma sha biyu, ni kuma ina riƙe da kanta ina kuka kamar yaro.

A asibiti likita ta ce ciwon ya haura ƙoda, ya shiga jini. Da na nuna mata gwangwanin sai ta riƙe baki. "Ko waɗanda suka yarda da shi, don rigakafi suke sha, da ruwa mai yawa. Ba ya warkar da wanda ya riga ya kamu. Kwana nawa ta yi da zazzaɓi?" Aka tambayi mijinta, shi ma bai sani ba.

Kwana huɗu kafin ta gane mutane. Ina shiga ta ce, "Wa ke kan gada?"

Na shirya ƙarya tun daga gida, amma bakina ya ƙi. "Babu kowa. Suna ta jan wayoyin kyamara."

Ta rayu, ta samu sauƙi, gidanta na nan daga ɓangarenmu. Sai dai 'yarta da jikokinta a tsallake suke, tafiyar minti uku ta kan gadar, wadda yanzu daga birni ake ɗaga ta ana saukewa. Duk Lahadi nakan gan ta ta hau keke, ta ba gadar baya, ta kama hanyar ƙauyen gaba.