Anti Rajista da Sakamakon da Ya Faɗa Kwandon Shara

Ƙarfe bakwai da kwata Anti Rajista take buɗe ofishinta, kafin mai shara ya gama da baranda. Sai ta rataye mayafi a bayan ƙofa, ta goge fuskar kwamfuta da hankici, ta ɗora tabarau a kan hanci, sannan ta saurari gaisuwar jama'a. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana riƙe da takardun ɗalibai a makarantarmu ta koyon aikin jinya, kuma ƙarshen watan nan za ta yi ritaya. Sunanta na yanka yana jikin katin aiki kawai. Daga shugaban makaranta har mai gadi, Anti Rajista kowa ya sani.

Zamanin tafireta ta kama aiki. Da kwamfuta ta shigo mun ɗauka za a bar ta a baya, sai ga shi ta fi mu sanin inda matsala take. Mu malamai muna da wata ɗabi'a: kowa ya buɗe ma'ajiya a intanet da imel ɗinsa na kashin kansa, nan yake zuba hotunan iyali, nan kuma yake zuba aikin makaranta. Idan ofis ya nemi fayil, sai ka tura linki a latsa a gani. Makaranta tana da tata ma'ajiyar, amma shigarta da 'yar wahala, mu kuwa ba ma shiri da wahala. Anti ta raɗa wa irin tamu suna rumbun sama, kullum tana mita cewa kayan makaranta bai kamata su kwana a rumbun wani ba. Mukan yi dariya mu ce tsufa ne ya sa ta fiye tsoro.

Wata Laraba a bara, wata tsohuwar ɗalibarmu ta shigo ofishin bakinta har kunne. Shekara biyu tana neman aiki ruwa a jallo, ga yara biyu a gabanta, sai yanzu wani asibiti ya kira ta. Sharaɗi ɗaya aka gindaya mata: ta kawo sakamakon jarrabawarta ta ƙarshe da hatimin makaranta kafin a tashi aiki ranar Juma'a, in ba haka ba a ba wata gurbin. Anti ta latsa linkin da ta saba latsawa, kwamfuta ta ce babu wannan fayil. Ta sake, amsar ba ta canza ba. Gabanta ya faɗi, domin sakamakon ajin gaba ɗaya ne, mutum talatin da takwas, kuma babu kwafinsa ko'ina. Yana cikin rumbun Malamin Jarrabawa, wanda ya yi ritaya ya koma bayan gari yana kiwon kaji.

Ko a fuska ba ta nuna ba. Ta dubi baiwar Allah nan ta ce, "Je ki gida, 'yata, ki dawo Juma'a da safe. Ki sayi takalmin aiki."

Wayar Malam ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, don haka washegari Anti ta hau mota da kanta. Ta same shi tsakiyar kaji da bokitin dusa a hannu. Ya rantse ya kuma rantsewa bai taɓa komai ba, hasali ma wayar ta koma hannun maiɗakinsa tun da suka yi jika. Ana cikin haka Hajiya, maiɗakin nasa, ta fito da ruwan sha, ta ji zancen, ta ce cikin fara'a ai ita ce. Wayar ce ta dame ta da cewa wuri ya cika, ta ƙi karɓar bidiyon jikanta, shi ne ta yi mata shara.

"Wasu tarkace ne masu layi-layi da lambobi, Yaya," in ji ta. "Na duba sosai, babu fuskar mutum ko ɗaya a ciki."

Malam ya ajiye bokiti ya nemi wuri ya zauna. Da wata ce, da ta wanke su tas. Anti kuwa ruwanta ta sha, ta tambayi Hajiya yaushe aka yi sharar. Hajiya ba ta riƙe kwanan wata ba, amma ta tuna ranar da yaron ya fara takawa ne. Suka nemo bidiyon, ga yaro yana tangaɗi yana kama kujera, ga kwanan wata a ƙasa: kwana ashirin da takwas ke nan da yin sharar. Anti ta san ma'ajiyar Malam tana riƙe abin da aka goge kwana talatin a kwandon shara kafin ya tafi har abada. Saura kwana biyu.

Sabis ba ya kamawa a gidan sai a bayan ɗakin kaji. Hajiya ce ta ba mu labari daga baya tana dariya har da hawaye: mace mai shekara sittin tsaye a kan benci, hannu ɗaya a sama da waya, ɗaya a kafaɗar Hajiya, kaji suna tsattsagar bakin zanenta. Da kwandon ya buɗe, ga fayil ɗin nan kwance. Ta dawo da shi, ta tura ma'ajiyar makaranta, sannan ta tsaya ta kwashe duk wani abu namu da ke rumbun, aikin shekara huɗu. Ta sauko tana hamdala, ta ce wa Hajiya yanzu wuri ya samu, ta yi ta ɗaukar bidiyon jika har ya fara gudu.

Ranar Juma'a ƙarfe tara ɗalibar ta karɓi takardarta da hatimi, ta yi godiya irin wadda ake yi wa kowane ma'aikaci, ta tafi.

Ke ce, Anti, wadda ba ta tsaya neman mai laifi ba alhali aiki na jira. Ke ce kika shiga ofishin shugaba ranar Litinin, ba ki kama sunan kowa ba, kika fito da doka: duk mai barin aiki sai kin sa hannu cewa rumbunsa babu kayan makaranta. Ke ce kike bin mu ofis-ofis duk Alhamis, ki ja kujera ki zauna, ba za ki tashi ba sai mun kwashe. Ni mai wannan rubutu, da na fi kowa dariya, a nawa rumbun kika tono jerin sunayen aji uku, kuma har yau ba ki tona min asiri ba. Na tona da kaina.

Watan jiya Anti ta je asibiti awon jini. Wadda ta ɗaura mata abin awo a hannu, cikin farin kaya, ɗalibar nan ce. Ta yi murna, ta kira abokan aikinta su gaishe ta, sannan ta dubi awon ta girgiza kai.

"Anti, aikin naki ai zama ne a inuwa. Me zai hau miki da jini haka?"

Anti ta yi dariya ta ce gishiri ne, za ta rage. Ba ta gaya mata labarin ɗakin kaji ba, kuma da ta ita ce ba za a taɓa ji ba. Shi ya sa na rubuta.

Mun gode, Anti Rajista. Allah ya sa ki huta lafiya, ya ba ki masu riƙe amanarki yadda kika riƙe ta mutane. Ku kuma 'yan uwana ma'aikata, ku buɗe wayoyinku yau, ku duba tsakanin hotunan yaranku. Abin da kuke gani layi-layi da lambobi, abincin gidan wani ne. Ku mayar da shi inda ya dace tun kuna kan kujerar.