Masar Hajiya Oumaima

Sau ɗaya tak Hajiya Oumaima ta taɓa shiga jirgin sama, ranar da ta baro Yamai ta biyo mijinta birnin Greensboro, can ƙetaren teku. A tsakiyar teku jirgin ya yi wata girgiza, ta rantse ba ita ba ƙari. Ta kuwa cika alkawari, don ko rasuwar mahaifiyarta a waya ta karɓi gaisuwa. Kitso take yi a unguwar Glenwood, da shi ta raini ɗanta guda, Faïçal, bayan mijin ya kwanta dama.

Duk sana'o'in duniya yaron nan bai ga wadda ta yi masa ba sai gyaran jirgin sama. Ta haƙura, tunda a ƙasa ake gyaran. Sai ga shi a 2005, bayan girgizar ƙasar Indonesiya, an tura shi can aikin jiragen agaji.

Wata yamma ya bugo waya. A nan rana na shirin faɗuwa, a can gari ya waye. Ya ce yanzu za su tashi daga wani ɗan fili a Sumatra zuwa tsibirin Nias.

"Babu hanyar mota?"

"Teku ne, Mama. Jirgin ruwa kwana yake yi, mu kuwa ko awa ɗaya ba za mu yi ba. Don't worry."

"Jirgin babba ne?"

Ya yi dariya. "Kamar bas ɗin unguwarmu, da farfela biyu."

Ya ajiye waya. A garinsu Damagaram, in naka ya kama hanya, sadaka ake fitarwa yaran unguwa su cinye kafin ya isa. Allah ya so tana da ƙullun masa a firji. A gaggauce ta soya, rabi ta ƙone, ta ɗauki faranti ta fito titi.

To, wa zai karɓa? Yara biyu masu keke suka matso, uwarsu ta daka musu tsawa daga baranda. Wata ɗaliba ta yi murmushi ta ce ta ƙoshi. Ƙasar da ko kyauta sai an bi mutum da roƙo! Ta bi gida gida tana ƙwanƙwasawa, ba ta ganin komai sai ɗan jirgin nan shi kaɗai a kan ruwa, da ɗanta a ciki. Masa ta huce, lokacin saukarsu ya ƙarato, babu wanda ya ci ko ɗaya.

Tsoho Nicodemus, maƙwabcinta mai ciwon suga, shi ya ga tana kuka. Bai tambayi komai ba, ya ɗauki ɗaya ya tauna a gabanta. Ta koma gida ta zauna jikin waya, ko mayafi ba ta cire ba.

Awa ta wuce, ta biyu ta kama hanya. Da wayar ta yi ƙara sai da ta yi bisimilla sau uku kafin ta iya ɗauka.

"Mun sauka, Mama. Hadari ne ya sa muka yi ta kewaya."

Ta yi ta hamdala.

"Kin gani? Za ki saba. Kullum da safe za mu riƙa zuwa, mu dawo da yamma, har ƙarshen shekara."

Suka yi sallama. Sannan ta tashi ta jawo buhun shinkafa, ta fara jiƙa ta gobe.