Burodin Da Na Ɗinke A Gidan Kumandan

Ko ƙwaƙwalwata za ta zubar da komai, ba za ta zubar da safiyar da na fara ganin yankakken burodi ba. Lokacin Faransa na mulki, ina da sati uku kacal da zama kuku a gidan kumandan, Baturen mulki na Magariya, kuma gwaji ake yi mini. Madam, matar kumandan, ta gaya mini ƙiri-ƙiri cewa kuskure guda zai mayar da ni gonar gyaɗa a ƙauyenmu na wajen Mallawa. Ga matata da tsohon ciki, ga rumbunmu wayam a shekarar.

Burodin da na sani shi ne dogon nan mai ɓawo na Faransawa, wanda nake gasawa a tanderu, su gutsura da hannu. A duk Magariya ba a samun wani iri. Sai ga baƙo, wani Baturen Ingila daga tsallaken iyaka, ya zo da kukunsa, dattijo Bakano. Da la'asar Madam ta miƙo mini ƙunshi biyu cikin takarda mai maiƙo, ta ce, "Na baƙo ne, shi ya zo da su. Gobe da safe."

Bayan sallar asuba na kwance na farko. Innalillahi! Burodi ne fari, mai kusurwa huɗu kamar tubali, laushi ya fi auduga, amma an yanka shi tun daga kai har gindi. Na jera yankan a tafin hannuna, babu wanda ya fi wani kauri ko da gashi guda. Na tsaya baki buɗe, tsigar jikina ta tashi. Wane irin hannu ne wannan da ba ya rawa?

Sai tsoro ya biyo bayan mamaki. Mu a gidanmu ba a kai wa baƙo malmalar da aka gutsura. Abincin da wuƙar wani ta riga ta ratsa saura ne, kuma ba wa baƙo saura cin fuska ne. Na ce a raina wani ne ya taɓa shi a hanya, kuma kaina laifin zai sauka. Na kwance na biyu, shi ma a yanke, ga shi baƙi-baƙi da ɗigon dusa. Na ce wannan ya lalace ma, na tura shi bayan tulu.

Kai, wauta ba ta da magani! Na yayyafa wa farin ruwa, na matse shi, na naɗe da tsumma, na turara shi a madambaci, wai don ya koma guda. Ya kuwa koma guda, amma curi ne mai danƙo, ko akuya sai ta yi tunani kafin ta ci.

A haka dattijon ya same ni, gumi na zuba. Ya dubi curin, ya dube ni.

"Ɗana, me ka aikata?"

"Baba, a yanke na same shi. Gyarawa na yi."

Ya yi dariya har ya dafa bango. "Gyara? Ai yankan shi ne tsadarsa! Inji ne a Kano, wuƙaƙe jere, burodi ya shiga ta nan ya fita ta can a yanke. An ce daga Amurka dabarar ta fito."

"Ƙarfe ne ya yi wannan, Baba? Ba mutum ba?"

"Ƙarfe. Ina ɗayan, mai dusar?"

Na jawo shi daga bayan tulu. Ya ce lafiyarsa lau, da gangan ake barin dusar alkama a ciki, akwai ma mai madara da mai zabibi. Dusa fa, da muke zuba wa tumaki! Ya baje garwashi, ya ɗora ragar waya, ya jera yanka huɗu. Ina kallo suka yi ja, ƙamshi ya cika madafa. Ya shafa man shanu, ya miƙo mini gefe guda. Na ciza, ya ce ƙaras, cikinsa kuma taushi. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa.

Madam ta leƙo, idonta ya sauka a kan curin. "Ina farin?"

Kafin in haɗa kalma, dattijon ya ce, "Madam, maigidana mai dusar yake ci da safe. Wancan kuwa mun yi gwaji da shi, bai yi ba."

"Mun yi," ya ce. Mutumin da bai san ko sunan ubana ba ya raba laifina biyu ya ɗauki rabi. Madam ta ɗaga kafaɗa ta fita da farantin gasasshen burodin. Shekara tara na yi a gidan nan.

Washegarin ranar baƙon da kukunsa suka koma, ban sake ganin dattijon ba. Tun daga ranar, in na ga abin da ban sani ba, ba na cewa ya lalace, tambaya nake kafin in sa hannu. In kuma na iske wani cikin irin gumin da na yi, ina tsayawa kusa da shi in ce mu muka yi.