Lambar Haris a Bakin Ƙofa

Shekarun da na zauna wurin ɗana a unguwar Manfuha, can ƙasar Larabawa, a hawa na uku muke. Shi direba ne, tun asuba yake fita, ni da surukata muke wuni. Ba na zuwa ko'ina, amma tagar ɗakina tana kallon lungu, ba mai shiga gidan ko ya fita ban gan shi ba.

Mai gadin gidan, wanda a can suke ce wa haris, dattijo ne ɗan Maraɗi, yana kwana a wani ɗan ɗaki ƙarƙashin bene. Shi ke shara, shi ke kunna injin da ke tura ruwa tankin sama. Da an idar da azahar sai in ga ya fice da bokiti da tsumma, ba ya dawowa sai bayan la'asar. Motoci yake wanke wa mutane a wata unguwa, da abin yake ciyar da iyalinsa a gida. Mai gidan hayar shi ne kafilinsa, wato wanda ya tsaya masa a ƙasar, igamarsa, takardar izinin zama, a hannunsa take, doka ta hana yi wa wani aiki ba shi ba, kuma bai san da wannan fita ba. Ni na sani.

Wata rana cikin tsananin zafi ruwa ya ɗauke, surukata kuwa tana jego, lokacin wankan yamma ya yi. Na sauka da gwiwoyin nan nawa, na buga ƙofar haris har hannuna ya gaji. Shiru. Na hau, na sake sauka. Ranar sai da magariba ta yi wanka, ni kuwa na kwana ina huci.

Bayan 'yan kwanaki mai gidan ya zo zagaye, na tare shi a bene. Ba na jin Larabci, surukata ce ta leƙo tana fassarawa.

Na ce, “Gaya masa, wanda ya tara mutane a gidansa, dole ne a kansa ya manna lambar mai gadi inda kowa zai gani. Gidajen layin nan duk sun yi.”

“Inna, a ɗan sassauta.”

“Faɗa masa yadda na faɗa.”

Balaraben ya dafa ƙirji yana dariya, ya ce an gama. Washegari sai ga takarda a bakin ƙofar shiga. Ban yi karatu ba, amma na ga layi biyu ne. Surukata ta ce na sama lambar haris ce, na ƙasa ta ofishin mai gida, an kuma rubuta wanda bai samu biyan buƙata ba ya kira ofis. Ban roƙi layi na biyun ba. Ban kuma ce a cire ba.

Da yamma haris ya hawo mana da tukunyar gas, ya tsaya daga bakin ƙofa yana haki.

“Hajiya, an ce ke kika sa aka rataye ni a bango.”

“Wace rataya, Malam? Ka zama ɗan takara, saura hoto.”

Ya yi dariya, amma ba ta kai zuci ba. “Da kin tambaye ni lambar, ai da na ba ki.”

“Ni kaɗai ce a gidan?”

Ya ajiye tukunyar ya sauka. Har yau ina ganin hakkin masu haya ne su san inda za su sami mai gadi. Sai dai ni ce nake da taga, na san inda yake zuwa, na kuma san abin da kiran ofis zai jawo masa. Da na kira shi gefe tun farko, mun yi magana da Hausarmu, da ba a kai nan ba.

A da, in an buga ƙofarsa ba ya nan, sai a yi tsaki a jira. Yanzu sai a kira shi. Ya ɗauka ya ce ga shi nan, alhali da ƙafa zai taho daga nesa. Maƙwabcinmu na hawa na biyu, da bututunsa ya toshe, shi ya fara kiran ofis. Wasu suka bi.

Ran nan bayan azahar na ga motar ɗan mai gida ta tsaya a bakin lungu, bai fito ba. Na gane abin da yake jira. Can sai ga haris da bokitinsa. Na yi ta buga gilashin taga, amma ƙarar na'urorin sanyaya ɗaki ta cika lungun, bai ko ɗaga kai ba. Motar ta bi shi a hankali.

Ba a kai shi ga hukuma ba, mai gidan ya dai yanka masa tikitin tafiya ba dawowa. Ɗana ya je ya ba da baki, aka ce magana ta ƙare.

Ranar tafiyarsa ya hawo sallama cikin farar riga. Ya ce, “Hajiya, an zauna tare. Abin da na yi muku, wanda na sani da wanda ban sani ba, a yafe mini.”

Ni ya kamata in riga shi. Amma sai na ce, “Ba komai, Malam. Allah ya kai ka lafiya.” Ya ce amin, ya sauka. Na tsaya riƙe da ƙofa har na daina jin takunsa.