Eruera Waaka Ya Cika a Tudu

Ranar Talata, tara ga watan Yuli, Allah ya yi wa Eruera Waaka rasuwa a bakin Kogin Tongariro, yana da shekara tamanin da ɗaya. Ni maƙwabcinsa ne a garin Turangi, abokin fatsarsa tun muna da baƙin gashi. Na yi baƙin ciki, amma ba zan ɓoye ba, ajiyar zuciyata ta fi hawayena yawa.

Eruera, kai ka koya wa rabin garin nan ɗaura gashin tsuntsu a ƙugiya har kifi ya ɗauka ƙwaro ne. In baƙo ya faɗo gaban mutane a gurbin kamun kifi babu sallama, mu sai zagi, kai kuwa ka ja shi gefe, ka nuna masa ƙarshen layi, ka zuba masa shayi. Tirawut, wato kifin kogin nan, mai launin bakan gizo kakan kyafe ta ka raba wa tsofaffin unguwa. Mai ruwan ƙasa sakinta kake yi, wai ta fi ka wayo, kuskure ne ya kawo ta hannunka.

Sai tsufa ya sa ƙafafunka suka fara rawa, ka kuma ƙi daina shiga ruwa har ƙirji. Taurin kanka ya ishe ni. Duk mun san kogin nan ne ya tafi da yayanka, ba a ga ko takalminsa ba, mahaifiyarku ta rasu ba ta samu gawar da za ta yi kuka a kanta ba. Tsoron da ya hana 'yarka Marama sakat ke nan duk lokacin sanyi, in kifi ya fara hawowa daga tafki.

Na taɓa ƙwace maka sandar fatsa. Ka ce, "Ba ni abina, tsohon banza. Ni zan nutse dattawa su rufe kogi ana tsakiyar kamu? Ai kai ne za ka fara tsine mini." Gaskiya ne, in ruwa ya ci mutum haramta kamun kifi ake yi sai an ɗage, amma ban yi dariya ba.

Ranar Talatar da hantsi Marama ta bugo waya, ta ce ga motarka a bakin kogi, ba ka a gurbin da ka saba. Na bi gaɓa ina leƙa ƙarƙashin kowane kututture. Ashe kana sama, kan bencin da masu fatsa ke jiran layi. Ka tuɓe wandon roba ka ninke, ka jingine sanda, ka zauna kamar mai gyangyaɗi. Likita ya ce zuciya ce. Ina jin tun a cikin ruwa ka ji ta, ka daure ka fito.

Da na kira Marama, abu ɗaya ta tambaya: "Kawu, a ruwa?"

Na ce, "A tudu, 'yata. Ko safarsa ba ta jiƙe ba." Ta fashe da kuka tana godiya ga Allah.

An shimfiɗe ka a zauren taron dangi, fuska a buɗe, kowa ya zo ya yi maka magana bisa al'ada, wasu har da tsiya. Marama na gefenka tana shafa kanka har aka kai ka makwanci.

Allah ya jiƙanka, Eruera, ya yafe maka kurakuranka, ya sa ka huta. Ina miƙa ta'aziyyata ga Marama da jikoki da dukan dangin Waaka. Allah ya ba su haƙuri, kamar yadda ya ba su kabarin da za su riƙa ziyarta.