Hannun Zuleide da Bakin Creuza

Dona Zuleide (a nan kowace babbar mace Dona ake ce mata) ba mai daɗin zama ba ce, kuma duk wanda ya ce maka tana da sanyin hali, to bai taɓa shiga kwalekwale ɗaya da ita ba. Tana 'yar shekara goma sha uku ta fara shiga lakar tafki tonon sururu, wani ɗan abin ruwa mai ƙwarya kamar dodon-koɗi da ake ci, ta kwashe shekara arba'in a ciki. Tafkin haɗe yake da teku: in ruwa ya ja baya ta shiga, in ya dawo ta fito, ta zauna a ƙofar gida tana dafawa tana ɓare ƙwarya tana yaɓa wa duk wanda ya gifta magana. Mijinta ya tafi São Paulo neman aiki tun 'yarsu Edivânia tana shan nono, bai ƙara waiwayowa ba. In an tambaye ta labarinsa sai ta taɓe baki ta ce, "Allah ya raka taki gona."

Ciwon a mama ya fara. Ta ɓoye shi wata bakwai tana ɗaura masa ganye, saboda taurin kai. Ranar da Edivânia ta ja ta zuwa asibiti a Maceió, ya riga ya shiga ƙashi. Likita ya kira sunansa ƙarara, ciwon daji. A ƙauyenmu kuwa ba a kiran sunan, "wancan ciwon" ake cewa, a yi alamar gicciye a ƙirji.

Edivânia shara take yi a wani otal a Maceió, ɗakinta ɗaya a hawa na huɗu. Ta ce, "Mama, ba kya iya shiga ruwa, ni kuma ba zan iya riƙe gida biyu ba. Ki tattara ki dawo wurina."

"In mutu a akurki ina kallon bangon maƙwabci? A kan ragar lilon da nake kwana zan mutu, ƙofa a buɗe, ina ganin ruwa."

Abu ɗaya ne zai bar ta a gidanta: kuɗin da gwamnati ke ba masunta duk wata idan ciwo ya kayar da su. Sai aka sa ranar zuwa ofis.

To, mutumin garinmu ba ya shiga birni da kamannin wahala. Ko da garin rogo da ruwa ya kwana, sai ya goge rigarsa ya shafa turare, don kada a ce ga matsiyaci. Edivânia ta zauna ta gyara uwarta tsaf: gashin kanti a kan da magani ya aske, jan baki, rigar zuwa coci, da jan farce mai walƙiya a yatsu goma. Zuleide ta dubi madubi ta ce yawwa, yanzu ba mai raina ta.

Awa biyar suka yi a benci kafin a kira lambarta. Ma'aikacin yana bayan gilashi, ko kai bai ɗaga ba.

"Ya jiki, Dona?"

"Lafiya ƙalau, godiya ga Allah," in ji ta, alhali ƙugunta na ci kamar wuta.

Ya buɗe takardar aurenta. A wurin sana'a an rubuta "matar gida", domin magatakardan wancan zamanin bai taɓa tambayar wata mace aikinta ba, haka yake rubuta wa kowa. Sai ya ce ta miƙo hannuwanta. A nan haka ake yi, hannu ake dubawa a gane mai aikin ƙarfi. Wata takwas ana ɗura mata magani ta jijiya ba ta taɓa laka ba, kantar shekara arba'in ta saɓule, tafin ya yi laushi.

"Ciwo kam kina da shi, ba mu musa ba. Amma masunciya? Da wannan farcen? Kowace mai gyaran gashi in ta kwanta sai ta zo ta ce mana sururu take tonowa."

"Kai, ɗan nan! Ina cikin laka uwarka ba ta san hanyar makaranta ba!"

Mai gadi ne ya raka su har titi. Wallahi abin da takaici: mace na mutuwa, ana tuhumarta da laifin yin kwalliya.

Lauyar da ke tsaya wa talakawa kyauta ta ce za a kai maganar gaban alƙali, nan da wata huɗu. Amma sai an kawo shaida, wanda ya yi aiki kafaɗa da kafaɗa da ita, kuma ba dangi ba. Nan fa ake yin ta. Sa'o'inta wasu sun mutu, wasu sun bi 'ya'yansu birni. Waɗanda suka rage kuwa, babu wadda Zuleide ba ta taɓa wanke wa allo ba, kowace ta ce ƙafarta na ciwo. Saura mutum ɗaya, Dona Creuza.

Shekara ashirin da biyu ba sa ga maciji da juna, a kan wani tudun laka da ke bayan tsibiri, inda sururu ya fi ƙiba. Creuza ta ce uwarta ce ta gano wurin. Zuleide ta ce laka ba ta da uwa. Sun yi zage-zage, sun yi dambe da filafilin tuƙa kwalekwale, har fadan coci ya gaji da sulhunta su ya bar su da Allah.

"Gara a ɗauke ni hawa na huɗu da in roƙi waccan," in ji Zuleide.

Edivânia ta saci jiki ta je. Creuza tana wanke gwangwanayenta, ba ta ko ce mata zauna ba.

"Ni? In yi asarar ranar kamu saboda wannan kunamar?" Ta watsar da ruwan. "Zan zo. Amma gaskiya zan faɗa tas, kada ku ce ban gaya muku ba."

Cikin watannin nan Zuleide ta rame ta zama kamar sanda. Kullum tana zaune da tulin ƙwaryar sururu tana murza tafin hannunta, tana jiƙa shi a ruwan gishiri, wai ko kantar za ta dawo. Fatar tsagewa kawai take yi tana jini. Da dare ya yi ciwo ya taso, tana cije zanen raga don kada maƙwabta su ji su samu abin faɗa.

Ranar shari'a ba kwalliya, ɗankwali ta ɗaura a kan ƙwal. Alƙalin matashi ne, ƙara ashirin ke jiransa kafin azahar, ga lauyan ofishin a gefe yana wasa da biro. Aka kira Creuza. Ta shigo da takalmin roba, ba ta kalli inda Zuleide take ba.

"Kin san wannan matar?"

"Da ban san ta ba, ranka ya daɗe, da na yi ƙiba."

"Ƙawarki ce?"

"Allah ya kiyaye!"

"Mece ce sana'arta?"

"Sata."

Lauyan ofis ya gyara zama yana murmushi.

"Satar me?" in ji alƙali.

"Satar tuduna! Duk cikar wata, in ruwa ya ja sosai, kafin zakara ya yi cara ta riga ni zuwa, ta nutse har wuya tana kwashe abin da uwata ta bar mini. Shekarar ambaliya ita ta yanke igiyar kwalekwalena, na yi kwana uku ina nemansa. Da cikin wannan yarinyar wata takwas ba ta fasa ba, sai da na fizgo ta daga laka da gashinta, ko na gode ba ta ce ba. Gwangwani takwas take cikawa a jan ruwa ɗaya, ni ina fama da biyar!"

Zuleide ta dafa tebur ta miƙe. "Ƙarya kike, mayya! Tara nake cikawa! Ke ce raguwa, sai rana ta fito kike zuwa kina hamma!"

"Tara? A mafarkinki!"

Lauyarta na jan rigarta, alƙali na buga tebur, ba wadda ta saurara. Lauyan ofis ya ajiye bironsa. Da aka samu suka yi shiru, alƙali ya share fuska ya ce shaidu nawa ya saurara a wannan kujera, duk bakinsu ɗaya kamar an biya musu karatu, amma wannan ba wanda ya koya mata. Hannun ma bai ce a miƙo ba. Ya yanke cewa a ba ta haƙƙinta, za a fara biya nan da kwana arba'in da biyar.

Kwana arba'in da biyar. Duk wanda ke ɗakin ya dubi Zuleide, ya kawar da kai.

A bakin tasha Edivânia tana kuka tana neman rungumar Creuza. Creuza ta ture ta, ta tsaya a gaban Zuleide ta ɗora hannu a ƙugu.

"Ke, muguwa. Ki yi kwanakin nan ko da tsiya. Ban bar ruwa ya ja ya dawo a banza ba don ki mutu kafin a biya."

"Sai na ga bayanki," in ji Zuleide. A mota ɗaya suka koma, ɗaya a gaba, ɗaya can baya.

Ta yi kwanakin, har da ƙari. Sau uku Edivânia ta karɓo kuɗin ta kawo mata, aka sayi wake da kofi da maganin rage zafi, aka ɗauki wata mata tana kwana da ita. A cikin wata na huɗu ta cika, a gidanta.

Creuza ba ta zo jana'iza ba. Ta aiko a ce ruwa ya ja, ita ba ta da lokacin ɓatawa. Masu dawowa daga maƙabarta ta bakin tafki sun hango ta can bayan tsibiri ita kaɗai, laka har ƙirji, gwangwaninta wayam, tana ta ɗura ashar da ƙarfi. Sai ta yi shiru ta ɗan jira kamar mai jiran a rama mata, sannan ta sake.